Daga Zama 25 Zuwa 5: Yadda Gashin Ciwon Daji Ya Sauya Salo

A watan Afrilun 2020, daidai lokacin da annobar korona ta ɗauke hankalin duniya, mujallar likitoci ta The Lancet ta fitar da sakamakon wani bincike da bai yi amo a gidajen rediyo ba, amma ya sauya tsarin aiki a asibitocin ciwon daji da dama. Likitoci a Birtaniya sun bi diddigin mutum fiye da 4,000 da aka yi wa tiyatar dajin mama, sannan aka tura su gashi da na'ura domin kashe ragowar ƙwayoyin cutar. Wasu sun yi zama 15 cikin mako uku, wasu kuma zama 5 kacal cikin mako guda. Da aka shekara biyar ana duba su, sai aka ga ciwon bai fi dawo wa 'yan mako ɗaya ba, kuma a ma'aunin hasken da aka tsayar a kai, jikinsu bai fi na sauran jigata ba.

Shekarun baya kaɗan, zama 25 cikin mako biyar shi ne ƙa'idar da kowane likita ya sani.

Ga matar da ke zaune a Landan, ragin ya tsaya ne a kan yawan zirga-zirga. Amma ga wadda za ta taso daga Gashuwa ko Tasawa ta nufi Zariya, Abuja ko Yamai, ita da mai jinyarta, su kama ɗaki, su ci abinci da kuɗi, su bar yara a hannun kaka, to tsakanin mako biyar da mako ɗaya akwai tazarar da za ta iya sa a ƙarasa magani ko a watsar da shi a tsakiya. Shi ya sa ci gaban da aka samu a wannan fanni bai kamata ya zama labarin Turawa kaɗai ba.

Abin da hasken ke yi a jiki

Kusan rabin masu ciwon daji suna buƙatar gashi a wani mataki na jinyarsu, ko dai shi kaɗai, ko a haɗa da tiyata da allurar kemo. Haske ne da ido ba ya gani, dangin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi, sai dai ya ninka shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Majiyyaci ba ya jin zafi ko ɗumi lokacin da ake yi. Abin da hasken ke yi shi ne tsinka zaren DNA da ke cikin ƙwayoyin halitta. Ita ƙwayar daji ba ta da aiki sai rabuwa gida biyu ba ƙaƙƙautawa, to idan ta zo rabuwa da tsinkakken zare sai ta mutu. Lafiyayyun ƙwayoyin da ke kan hanya su ma suna jin jiki, amma sun fi iya gyara kansu in an ba su sarari.

An ɗauki lokaci kafin a gane haka. Wilhelm Röntgen ya gano hasken eksire a Jamus a 1895, Marie da Pierre Curie kuma suka gano sinadarin radiyam a Faris a 1898. Nan da nan likitoci suka fara gwada su a kan ƙari, sai suka tarar da gaba kura baya sayaki: in sun ba da haske kaɗan ciwon ya dawo, in sun ba da da yawa fata ta ƙone ta zama gyambo.

Raguna ne suka warware matsalar. A shekarun 1920, wani likita a Faris mai suna Claudius Regaud ya riƙa haska marainan raguna, saboda ƙwayoyin da ke samar da maniyyi suna rabuwa da sauri irin na daji. Ya lura cewa in aka buga hasken gaba ɗaya a zama guda, kafin a kai ga kashe ƙwayoyin fatar ta riga ta lalace. In kuwa aka rarraba shi cikin kwanaki, sai a cim ma buri, fatar kuma ta tsira. Abokin aikinsa Henri Coutard ya bi wannan hanya wajen masu dajin maƙogwaro, ya warkar da wasunsu ba tare da an yanke musu komai ba. Daga nan aka samo tsarin da ya yi mulki shekara da shekaru: kaɗan-kaɗan kullum, kwana biyar a mako, har mako shida ko bakwai.

Saiti ya gyaru

Na'urorin farko ba sa kai haske can cikin jiki sai sun wahalar da fata. A 1951 aka fara amfani da na'urar kobal a Kanada, a 1953 kuma asibitin Hammersmith da ke Landan ya fara jinya da na'urar da ake kira linak, wadda ke samar da haskenta da wutar lantarki, ba ta ɗauke da wani sinadari a ciki. Duk da haka likita yana aiki ne a kan ƙiyasi, domin hoton eksire ba ya nuna iyakar ƙari sosai. Dole ya faɗaɗa wurin da zai haska don kada ya bar saura. Zuwan hoton CT a 1971, sannan MRI daga baya, shi ya ba shi damar ganin ƙari yanki-yanki, ya zana iyakarsa a kwamfuta, ya kuma zana abin da ba a so a taɓa: lakar gadon baya, jijiyar gani, zuciya, ƙoda.

Wanda ya shiga ɗakin gashi na zamani zai ga yadda abin ya koma. A ɗauki mai dajin maƙogwaro. Tun kafin ranar farko, ana tsoma wata ragar roba a ruwan ɗumi har ta yi laushi, a shimfiɗa masa a fuska da kafaɗu. Cikin 'yan mintuna ta bushe ta ɗauki siffarsa daidai. Kullum ya zo da ita za a maƙale shi a jikin gadon, a daidaita shi da layukan hasken leza da ke fitowa daga bango. Ma'aikata su fita, su rufe ƙofa, su koma kallonsa ta kyamara daga bayan katangar kankare mai kaurin fiye da mita guda. Na'urar ta fara ɗaukar sabon hoto don tabbatar da cewa bai goce daga inda yake jiya ba. Sai kanta ya fara zagaya shi yana ƙara a hankali. A cikin kan akwai siraran faifan ƙarfen tangistin, 120 ko 160 a na'urori da yawa, suna shiga suna fita, suna sauya siffar hasken a kowace kusurwa. Cikin minti biyu zuwa uku an gama. Shiga da fita gaba ɗaya kamar rubu'in awa.

Amfanin wannan ƙwarewa a fili yake. Tsohon salo yakan kashe ƙwayoyin da ke samar da miyau, mutum ya warke daga daji amma ya ƙare rayuwarsa da busasshen baki, ba ya iya haɗiyar tuwo sai da ruwa. Wani bincike na Birtaniya da aka buga a 2011 ya nuna cewa bayan shekara guda, kashi 74 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa tsohon salo suna fama da bushewar baki mai damuwa, a sabon salo kuwa kashi 38 ne. Mai dajin maman hagu ita ma yanzu ana koya mata ta ja numfashi ta riƙe na 'yan daƙiƙu, huhu ya cika da iska ya nisanta zuciya daga hanyar haske.

Tiyatar da ba a zubar da jini

Lars Leksell likitan tiyatar ƙwaƙwalwa ne a ƙasar Suwidin, a zamanin da buɗe ƙoƙon kai ke tattare da haɗarin zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta. A 1951 ya kawo shawarar da ta saɓa wa darasin raguna: maimakon kaɗan-kaɗan cikin makonni, a tara haske mai yawa a ɗan wuri ɗaya, a zama ɗaya. Sharaɗin shi ne saitin ya yi kyau har lafiyayyen nama bai samu abin da zai cutar da shi ba. Tare da masanin fiziks Börje Larsson suka ƙera na'urar Gamma Knife, wadda ta fara aiki a asibitin Sophiahemmet da ke Stockholm a 1968.

Dabarar ba ta da wuyar fahimta. Na'urar yau tana da ƙananan gutsattsarin kobal 192, kowanne yana aika siririn haske ta tasa kusurwar. Kowane haske shi kaɗai bai isa ya yi ɓarna a inda ya ratsa ba, amma dukkansu a wuri ɗaya suke haɗuwa. Kamar hanyoyin ƙauyuka ne ranar kasuwa: kowace hanya mutanenta tsiraru, cunkoson a tsakiyar kasuwa yake.

Da safe ake ɗaura wa majiyyaci wani firam na ƙarfe a ka, a riƙe shi da kusoshi huɗu bayan an yi allurar kashe zafi a wuraren. Sababbin na'urori suna iya amfani da ragar fuska a madadinsa. A ɗauki hoton MRI, likitan ƙwaƙwalwa da likitan gashi da masanin fiziks su zauna su tsara aiki, sannan a kwantar da shi a tura kansa cikin na'urar. Kuskuren saitin bai kai milimita ɗaya ba. Yana farke, yana jin maganar ma'aikata, kuma galibi ran nan yake komawa gida.

Sai dai ba kowane ƙari ake yi wa haka ba. An fi yi wa ƙanana, waɗanda faɗinsu bai wuce santimita uku ba. Kuma ƙarin ba ya ɓacewa nan take, a hankali yake daina girma ko ya motse cikin watanni ko shekaru. A ƙarin da ke fitowa a jijiyar ji, fiye da kashi 90 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa ba sa sake buƙatar tiyata. Curarrun jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa kuwa sukan ɗauki shekara biyu zuwa uku kafin su toshe. Ga dajin da ya taso daga huhu ko mama ya yaɗu zuwa ka, a da gaba ɗayan ƙwaƙwalwar ake haskawa, abin da ke taɓa ƙarfin tunawa. Wani binciken Japan na 2014 da ya ƙunshi mutum 1,194 ya nuna ana iya bin ƙari har goma ɗaya bayan ɗaya a ƙyale sauran ƙwaƙwalwar.

Daga ka zuwa gangar jiki

Kai ana iya ɗaure shi ya tsaya cak. Huhu da hanta kuwa da numfashi suke motsi. John Adler, likita daga Jami'ar Stanford a Amurka wanda ya yi zama a wajen Leksell, ya ɗora ƙaramar linak a kan hannun mutum-mutumi irin na masana'antar ƙera motoci, ya sa mata suna CyberKnife. Ta yi wa mutum na farko aiki a 1994. Tana ɗaukar hoto a kai a kai, hannun kuma yana bin ƙarin sama da ƙasa yadda majiyyaci ke numfashi. A farkon shekarun 1990 ɗin kuma, Ingmar Lax da Henric Blomgren a asibitin Karolinska na Stockholm suka fara irin wannan aiki a hanta da huhu. Yau linak ta zamani da yawa tana iya yi.

Dattijon da ke da ƙaramin dajin huhu, wanda zuciyarsa ba za ta ɗauki tiyata ba, yanzu ana iya gama masa a zama uku zuwa biyar. A dajin furostet, wato ƙwayar da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, an sauko daga zama 37 ko 39 zuwa 20 bayan wani babban binciken Birtaniya na 2016. A 2024 kuma wani binciken da ya ƙunshi maza 874 masu ciwon da bai bazu ba ya nuna zama 5 ma ya wadatar: bayan shekara biyar, kusan kashi 96 cikin ɗari ciwonsu bai dawo ba, daidai da 'yan dogon zama. Ba saiti kaɗai ya kawo haka ba. An kuma gano cewa dajin mama da na furostet suna jin babban ma'auni fiye da yadda aka zata a da.

Furoton da sauran masu tsada

Hasken eksire in ya shiga jiki sai ya fita ta ɗaya ɓangaren. Ƙwayoyin furoton kuwa suna tafiya zuwa wani zurfi da aka auna, su sauke ƙarfinsu a nan, su tsaya. Robert Wilson ne ya kawo shawarar amfani da su a 1946, aka fara gwadawa a Berkeley a 1954, sai a 1990 aka buɗe cibiya ta farko a cikin asibiti a Loma Linda da ke Kalifoniya. Sun fi amfani ga yara, waɗanda ƙwaƙwalwarsu da ƙashinsu ke kan girma, da kuma ƙarin da ke gindin ƙoƙon kai. Tsadar ce abin tsoro. Cibiyoyi biyu da gwamnatin Birtaniya ta gina a Manchesta da Landan sun ci fam miliyan 250. Indiya, inda 'yan Najeriya da yawa ke zuwa jinya, ta buɗe tata ta farko a Chennai a 2019. Amma tsada ba ita ce inganci ba a kowane ciwo: wani binciken Amurka da aka bayyana a 2024 ya kwatanta furoton da linak ta zamani a dajin furostet, bai ga bambanci ba.

Akwai kuma linak da aka haɗa da MRI, wadda ta fara aiki a Utrecht ta ƙasar Holan a 2017, likita yana kallon hanji da ƙari suna motsi yana gyara tsari kowace rana. Sai wanda ake kira FLASH, inda ake ba da hasken duka cikin ƙasa da daƙiƙa guda. An gwada wa mutum na farko a Lausanne ta Suwizalan a 2018. Har yanzu a matakin bincike yake.

To mu fa?

Ƙiyasin hukumar binciken ciwon daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa a 2022 an samu sababbin masu ciwon kusan 128,000 a Najeriya, kusan 80,000 kuma suka rasu. Dajin mama ne a gaba, sai na furostet da na bakin mahaifa. In rabinsu na buƙatar gashi, na'ura ɗaya kuma tana ɗaukar mutum kimanin 500 a shekara, ana buƙatar na'ura fiye da 120 ke nan. Abin da ke ƙasa bai kai rubu'in haka ba.

Ba wai ba a motsa ba. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas ya samu na'urar kobal tun 1973, a 2019 kuma aka buɗe masa sabuwar cibiya mai linak na zamani. A Arewa an daɗe da sanin asibitin Shika a Zariya, da na Sakkwato, da Babban Asibitin Ƙasa a Abuja, a 2025 kuma aka ƙaddamar da sababbin cibiyoyi a Katsina, Inugu da Benin. Nijar ta buɗe wurin gashinta na farko a Yamai a 2021 da tallafin Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya, tana kuma cikin ƙasashen farko, tare da Chadi, da suka shiga shirin hukumar na Rays of Hope da aka ƙaddamar a Addis Ababa a 2022. Gamma Knife kuwa akwai ta a Alƙahira da Rabat.

Sayen na'ura shi ne mai sauƙin. Linak tana son wuta marar yankewa, da sanyaya ɗaki, da injiniya a kusa, da kayan gyara da ake saye da dala. In ta tsaya, ba layi kaɗai ke tsawo ba. Mai dajin bakin mahaifa ana so ta kammala komai cikin mako takwas, duk ranar da aka ƙara a kai dama ce ga ƙwayoyin cutar su farfaɗo. Ita ma gashin waje kaɗai bai ishe ta ba, sai an haɗa da na ciki, inda ake zura ɗan gutsuren sinadari ta bututu har jikin ƙarin na 'yan mintuna a janye. Wani bincike na ƙasa da ƙasa da aka buga a 2021, wanda ya bi mata 1,341 da aka tsara wa gashin ciki da hoton MRI, ya samu kashi 92 cikin ɗari ciwon bai dawo a wurin ba bayan shekara biyar. In gutsuren na sinadarin iridiyam ne, sai an sauya shi kusan duk wata uku, na kobal kuwa yana kai shekara biyar, shi ya sa asibitocin Afirka da dama suka fi karkata gare shi.

Sai batun mutane. Duk yadda aka rage zama, ma'aunin kowane zama ƙaruwa yake, kuskure ɗaya kuma ya fi tsada. A Panama, tsakanin 2000 da 2001, kuskuren shigar da bayanai a kwamfutar tsara gashi ya sa mutum 28 suka sha haske fiye da kima, wasunsu suka rasa rayukansu. Masanin fiziks na asibiti da ke auna na'ura kafin a fara aiki ba ado ba ne. Ƙasar da ta horar da shi ta bar shi ya tafi Saudiyya ko Ingila saboda albashi, to ta yi asarar na'urar da ta saya.

Abin da yankinmu ya fi buƙata ba furoton ba ne. Linak ce mai aiki kullum a kowace shiyya, da gashin ciki a gefenta, da kwangilar gyara da aka biya tun ranar saye, da rungumar gajeren zama a inda bincike ya tabbatar da shi. Na'urar da ke yi wa mace ɗaya zama 25 za ta iya sallamar mata biyar masu zama 5 a wannan lokacin. Ko wanda ciwonsa ya wuce warkewa yana da rabo: zama ɗaya tak yakan rage zogin dajin da ya shiga ƙashi.

Sai dai zama 5 da tiyatar haske irin ta Gamma Knife galibi na ciwon da aka kama da wuri ne, mu kuwa galibi sai ya ci jiki ake zuwa asibiti. Duk wanda ya ji ƙullutu a mama, ko matar da ke ganin jini bayan saduwa ko bayan ta daina al'ada, ko dattijon da fitsari ya fara yi wa gardama, a je a duba tun da sauran dama. Wanda aka tura gashi ya sani cewa hasken na'ura ba ya zama a jiki: zai iya cin abinci da iyalinsa, ya ɗauki jikokinsa. Gajiya da duhun fata a wurin sukan wuce bayan an gama. Kada ya tsallake zama ko ɗaya ba da sanin likita ba, kuma ya tambaye shi kai tsaye ko irin ciwonsa yana cikin waɗanda gajeren zama ke yi wa aiki.